Araha Ba Ta Ado a Kasuwar Katmandu

Duk wanda ya shiga unguwar Thamel ta birnin Katmandu a ƙasar Nepal zai tarar da mayafai rataye, kowanne wai pashmina ne. Alhali kuwa ta gaskiya da lallausan gashin akuyar tsaunukan Himalaya ake saƙa ta, kuma gashin akuya ɗaya na shekara bai isa babban mayafi ba. To, ina araha?

A ganina laifin baƙi ne. Suna neman aikin hannu a farashin na inji, sai ɗan kasuwa ya miƙa musu jabu, masaƙa su kwana a ciki. Mai son darduma ya nufi Jawalakhel, inda 'yan gudun hijirar Tibet suka fara saƙa a 1960, ya ga masu aikin da idonsa, ya biya.