Keken Guragu Ba Riga Ba Ce Da Za Ta Shiga Kowa

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari zuwa Jega, ba zai rasa ganin masu keken guragu a bakin kasuwa ko tasha ba. Da yawa daga cikinsu cutar shan-inna ce ta kama su tun suna ƙanana, wasu kuwa hatsarin mota ko na babur ya taɓa musu laka. A watan Agusta na shekarar 2020 aka tabbatar da cewa an kawar da ƙwayar shan-inna ta asali daga Nijeriya da nahiyar Afirka, amma waɗanda ta riga ta naƙasa suna nan, kuma keke shi ne ƙafarsu har iyakar rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 yana bukatar irin wannan keke.

Sanin kowa ne cewa masu hali da ƙungiyoyi sukan raba kekuna sadaka, kuma wannan aikin lada ne. Sai dai akasari kekunan girmansu ɗaya, a ba yaro ɗan shekara goma irin wanda aka ba dattijo mai jiki, a ɗauki hoto a watse. Abin da ya kamata a fahimta shi ne, raba keke ba tare da an auna mai shi an daidaita masa ba, rabin aiki ne, kuma wani lokaci cutarsa ta fi amfaninsa yawa.

Dalilin haka yana cikin darasin kimiyyar da ake koyarwa a makarantun sakandare, wato darasin danniya. Idan nauyi ya bazu a wuri mai faɗi, danniya tana raguwa. Idan ya taru a ɗan ƙaramin wuri, sai ta ƙaru. Alal misali, nauyin da ya kamata ya bazu a kan murabba'in santimita 400, in ya koma kan murabba'in santimita 40, danniyarsa ta ninka sau goma. Mutum idan ya zauna, akwai ƙasusuwa biyu a ƙarƙashin ɗuwawu da suke ɗaukar yawancin nauyinsa. Idan danniya ta yi yawa a nan, ƙananan hanyoyin jini sukan toshe, naman wurin ya rasa abinci da iska, a hankali ya mutu ya zama gyambo. Mai lafiya yakan ji zafi ya gyara zama ba tare da ya sani ba, amma wanda lakarsa ta taɓu ba ya jin komai, sai dai a ga miki ya fashe. Irin wannan gyambo yakan ci watanni bai warke ba, kuma idan ya ruɓe ya shiga jini yana iya kisa. Zafin ƙasar Sakkwato, inda ma'auni kan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana ƙara dagula al'amarin, domin gumi yana tausasa fata.

Saboda haka abu na farko shi ne matashin zama. Ya zama na soso mai ƙarfi, a rage tudunsa daidai inda ƙasusuwan nan suke sauka, a rufe shi da yadi mai shan gumi. Mai keken kuma ya riƙa sunkuyawa gaba ko karkata gefe a kai a kai domin jini ya zagaya, a duba fatarsa safe da yamma. Duk inda launin fata ya sake, ko wurin ya yi zafi ko tauri, alama ce ta a garzaya asibiti.

Na biyu shi ne awon mazauni. Faɗinsa ya yi daidai da ƙugu, kada ya matse, kada kuma ya yi yawa har mutum ya riƙa karkacewa, domin wannan yakan lanƙwasa ƙashin bayan yara. Tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwa a bar tazarar yatsu biyu zuwa uku. Matakin ƙafa kuwa, idan ya yi sama, gwiwoyi za su ɗago, nauyi duka ya koma kan ɗuwawu. Idan ya yi ƙasa, zai riƙa karo da duwatsu. A daidaita shi yadda cinya za ta kwanta a kan matashi, shi kuma ya ɗara ƙasa da aƙalla santimita 5.

Na uku shi ne wurin da aka ɗaura manyan tayoyin baya. Hanya mai sauƙi ta gwadawa ita ce mutum ya zauna a miƙe ya saki hannuwansa. Ya kamata kan yatsunsa su kai tsakiyar taya. Idan aka matso da tayoyin gaba, tuƙi yakan yi sauƙi, kafaɗa ta huta, amma keken yakan yi saurin kifewa ta baya a wurin hawa. Idan aka mai da su baya sosai, keken ya tsaya daram amma ya yi nauyin turawa. Wanda aka yanke wa ƙafafu yana bukatar a ja tayoyinsa baya, domin nauyinsa ya riga ya rinjaya can. Wannan shi ne darasin cibiyar nauyi a aikace.

Sai kuma batun ƙasa. Yawancin kekunan da ake rabawa an ƙera su ne don daɓen asibiti, ƙananan tayoyinsu na gaba sirara ne, da zarar sun shiga yashin Sifawa ko na ƙauyukan Shagari sai su nutse. Mai faɗin taya ko mai ƙafa uku ya fi dacewa da irin wannan wuri. Ƙaya tana fasa taya, kuma tayar da ta sace iska tana hana birki kamawa, mutum ya zo sauka keken ya gudu ya bar shi. Ƙurar hunturu kuma tana cinye boris idan ba a wanke shi ana sa masa giris ba.

Mai yiwuwa wani ya ce ai da babu gara ba daɗi, kuma ƙwararru ba su da yawa. Gaskiya ne, amma yawancin gyaran nan bai wuce aikin sifana, abin awo da famfon iska ba. A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin samar da kekuna a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, inda ta nuna cewa awo, gwaji, koyar da mai keke da bibiyar halinsa duk suna cikin aikin. A Kano, ƙungiyar waɗanda shan-inna ta shafa ta daɗe tana ƙera kekuna masu ƙafa uku da hannunta. Boɗinga da Shagari kuwa ba su rasa masu walda, masu faci da masu gyaran keke ba. Abin da ya rage shi ne likitocin gashin ƙashi su koya musu awo.

Don haka ya kamata ƙananan hukumomin biyu su horar da aƙalla ma'aikaci ɗaya a asibitocinsu kan wannan aiki, masu bayar da sadaka kuma su ware wani kaso don awo da matashi, ko da yawan kekunan zai ragu. Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara mashigarsu, wa'adin kuwa ya cika a 2024. Makarantu su fara da kansu, su gina gangare wanda kowane hawan santimita 10 zai sami tsawon aƙalla santimita 120. Malamin kimiyya da ya fitar da ɗalibansa suka auna keken ɗan ajinsu, suka lissafa danniya suka gyara matakin ƙafa, ya koyar da darasin da ba za su manta ba, ya kuma tsare wani yaro daga gyambon da zai raba shi da karatu.