TOCILAN LEZA: MAIGIDA, DUBA ABIN DA KE HANNUN YARONKA

'Yan uwa magidanta na Batsari da Safana da kewaye.

Yau ba maganar basir ko shawara zan yi ba. Maganar wata 'yar tocila ce mai kama da biro, wadda ake kira leza, mai fitar da tsinin haske ja ko kore. Ranar kasuwa za ka gan ta a teburin masu caja da batir, da Salla kuma a hannun yara. Ra'ayina a taƙaice: wannan abu ba kayan wasa ba ne, kuma duk uban da ya saya wa ƙaramin yaro ya sani amana ya saka cikin haɗari.

Ga dalili. Hasken tocila ta yau da kullum bazuwa yake yi. Na leza a dunƙule yake tafiya kamar allura. In ya shiga ido, ƙwayar idon ta ƙara tattara shi wuri guda a kan tantanin da ke can bayan ido, inda gani yake. Wurin nan ba ya jin zafi. Yaro zai ƙone bai yi kuka ba, sai bayan kwanaki ka ga yana karkata kai in zai karanta allo, yana cewa akwai baƙin ɗigo a tsakiyar abin da yake kallo.

A Amurka doka ba ta yarda lezar nuni ta wuce miliwat 5 ba. Da yawa daga koraye masu mabuɗi, irin wadda aka rubuta wa 303, sun wuce haka nesa, kuma abin da ke jikin takardarsu ba abin dogaro ba ne. Wasu korayen ma suna fitar da wani haske da ido ba ya gani amma yana ƙuna. Masu kallon ƙwallo sun tuna yadda aka cika fuskar Mohamed Salah da koren haske a Dakar cikin 2022, har FIFA ta ci tarar Senegal.

To, in kai babba ne kuma kana da buƙatarta, kamar malamin makaranta ko magini, kiyaye abu biyu.

NA FARKO, BATIR

Manyan suna cin batir mai caji da ake kira 18650, wato faɗinsa milimita 18, tsawonsa 65, ƙarfinsa volt 3.7, in ya cika 4.2. Na gaskiya ba ya wuce kusan 3500mAh. In ka ga an rubuta 9800 ko 9900, ƙarya ce tsagwaronta, ajiye masu kayansu. Kada ka sayi wanda ledar jikinsa ta yage, ko ya lotsa, ko ya kumbura. Kada ka sa shi aljihu tare da makullai, yana iya kama wuta. Kada a yi cajinsa ƙarƙashin matashi ko cikin rana, kuma in ya ɗau zafi a cire shi nan take.

Ƙanana masu jan haske kuwa batir ɗan mitsitsi suke ci, irin na agogo, mai kama da ƙwayar magani. Shi ne na fi tsoro a gidan da ke da masu rarrafe. In ya maƙale a hanyar abinci, cikin awa 2 yana iya ƙona ta. Kada a sa yaro amai, kada a ce bari mu gani zuwa safe. In ya wuce shekara 1 kuma yana iya haɗiya, a ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk minti 10, har sau 6, ana tafe zuwa asibiti. Likitocin Amurka da kansu suka ba da wannan shawara, domin zuma na rage ƙunar. Allah Ya ambaci warakar zuma a Suratun Nahli, amma fa a nan jinkirta ɓarna take yi, ba ta fito da batir. Jaririn da bai kai shekara ba, ba a ba shi zuma.

NA BIYU, SAITIN TSINI

Akwai zobe a bakinta da ake murzawa, haske ya buɗe ko ya tsuke. Samari na tsuke shi su kunna ashana ko su huda baƙar leda, ana tafi. Kai jama'a! Abin da ya huda leda, ina ga ido? In za ka saita, nufi bangon ƙasa daga nesa, da rana, yara na bayanka. Ban da madubi, gilashi, kwanon rufi da ruwa, don haske na dawowa. Kada ka leƙa bakinta ko da ka zaci batir ya mutu. In ka gama, cire batir da mabuɗi ka kulle.

Wani zai ce, Malam, ai wasa ne. Annabi (SAW) ya hana nuna ɗan uwa da makami ko da wasa, ya kuma hana firgita Musulmi. A halin da ƙauyukanmu na bakin dajin Rugu suke ciki, ɗigon haske a jikin bango da tsakar dare yana iya tayar da unguwa, mace mai ciki ta ruga, mai tsaro ya yi harbi cikin kuskure. Kada kuma a haska jami'an tsaro, direba, ko jirgin sama.

Ni mai magani ne, amma gaskiya ɗaya ce: kwalli, habbatus sauda da ruwan ganye ba sa kaiwa inda leza ke ƙonawa. Kada a ɗiga komai. A kai yaro Babban Asibitin Batsari, su tura ku asibitin ido a Katsina, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. A haɗa da addu'a.

Daren yau, maigida, binciki aljihun yara da jakar makaranta. In ka samu, karɓe cikin lalama, ka bayyana masu dalili, ka musanya da tocila ta gari.

Allah Ya tsare mana ganinmu da zuriyarmu, Ya ba mu zaman lafiya. A tura wa 'yan uwa. Wassalamu alaikum.