Turu da mari: wa ya yasar da masu taɓin hankalin Saye Sabuwa?

Duk wanda ya san karkarar Gidan Rumji ya san hanyar da iyali kan bi ranar da hankalin ɗansu ya gushe. A Saye Sabuwa ba da likita ake farawa ba. Sai an je wurin malam an sha rubutu, an yi tofi da ruƙiyya. In abin ya ƙi, a lallaɓa wurin boka ko ƴan bori a yi girka. Akuya ta tafi, damin gero ya bi bayanta. Ranar da rumbu ya ƙare, sai a nemo turu da mari.

Ƴan bokon ofisoshin Yamai suna da kalma guda ga wannan duka: jahilci. To, wai shin me suka ajiye wa baƙauye har da zai zaɓa? Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ƴan ƙalilan ne, akasarinsu kuma suna Yamai, inda sashen Pavillon E na babban asibitin ƙasa yake, tafiyar fiye da kilomita 600 daga Maraɗi. Malam kuwa yana bayan gida, yana jin harshen majinyaci, ya san uwarsa da ubansa, kuma yana karɓar tiyar hatsi. Wanda bai haƙa rijiya ba, ba shi da bakin zagin mai shan tabki.

Wannan ba wanke masu turu ba ne. A watan Satumba na 2019 ƴan sanda sun fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Mai ɗaure ɗan Adam kamar jaki, yana zane shi da sunan korar aljani, azzalumi ne ko da rawaninsa ya kai rufin ɗaki.

Abin takaici, hanyar tsakiya ba sabuwa ba ce. Tun 1954 Dakta Lambo ya zaunar da majinyata tare da danginsu a ƙauyukan Aro, kusa da Abekuta, yana aiki da masu maganin gargajiya. A asibitin Fann na Dakar, daga 1959, Henri Collomb ya buɗe ƙofa ga dangi da masu warkarwa, ana zaman shawara kamar a dandali. A 2020 binciken Farfesa Gureje a Ibadan da Kumasi ya nuna cewa inda ma'aikacin lafiya ke kai magani har gidan mai gargajiya, majinyata sun fi samun sauƙi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ma'aikatar lafiya ta fi son taron bita a otel.

Kuma ciwon ba iri ɗaya ba ne. Saurayin da Tramol ya kwance wa kai yana buƙatar magani da sana'a. Mai farfaɗiya ƙwaya yake so kullum, ba turare ba. Matar da ta tsallako daga Zamfara ko Sakkwato tun 2019, bayan ƴan bindiga sun kashe mijinta a gabanta, ba allura za ta mayar mata da barci ba: tana bukatar mai sauraronta, da abinci, da addu'ar da ta yi imani da ita. Likitan da ya yi mata dariya don ta ambaci iska ba zai sake ganin ƙeyarta ba.

Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP domin a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci wannan aiki. Saura a horar da majo na kowane gidan likita, a sa sarakuna da limamai su tantance masu magani, a ce musu: addu'a taku ce, sarƙa haramun, mai fizge-fizge a miƙa shi likita. Largactil, da aka fara amfani da shi a Faransa tun 1952, kwalinsa bai kai kuɗin man mota guda ta tawagar minista ba.