Barewar Da Ba Ta Gudun Mutum

A makon jiya na yi muku alkawarin labarin wani abu da na gani a ƙasar Japan, lokacin da maigida yake karatu a birnin Osaka. To, ga shi, alkawari kaya ne.

Wata Asabar cikin watan Oktoba na 2023 Malam ya yi hayar mota, muka shiga da ni da shi da 'yarmu mai shekara huɗu, muka nufi wani gari ana ce da shi Nara, tafiyar kamar mil 20 gabas da Osaka. Garin nan tsoho ne ƙwarai, gama shi ne babban birnin Japan daga shekarar 710 zuwa 784. Muna shiga tsakiyarsa sai Malam ya taka birki. Na ɗaga kai, sai ga barewa uku suna ƙetare titi a hankali, motoci sun tsaya cik suna jiransu, ba mai ko danna ham. Yarinya ta ce, "Umma, awakin wa ne?" Na rasa amsar da zan ba ta.

Kun dai san barewar dajinmu, ko inuwar mutum ta hango sai ta cika wa rigarta iska. Waɗannan kuwa wani iri ne dabam, jajaye-jajaye, ƙahon namijin yana da rassa kamar itace. Sun fi 1,000, suna yawo a filin shaƙatawa na garin da bakin shaguna, ba turke, ba makiyayi. Dalili kuwa, mutanen garin tun kakanninsu suna girmama su bisa ga al'adar addininsu, har a zamanin da, wanda ya kashe ɗaya hukuncinsa kisa ne. A 1957 gwamnati ta sa su cikin abubuwan da dokar ƙasa ta tsare. Kowace kaka akan yanke wa mazan ƙaho don kada su ji wa mutane, al'adar da ta haura shekara 300.

A bakin hanya akwai mata masu sayar da wata 'yar waina busasshiya da aka yi domin barewar kaɗai, da dusar shinkafa da garin alkama, ba sukari. Muka sayi ƙulli ɗaya mai guda 10 a kan yen 200, watau kuɗin ƙasar. Abin dariya, idan kika ɗaga wainar sama sai barewa ta sunkuyar da kai kamar mai gaisuwa, sa'an nan ta karɓa. Amma kada ki ruɗu da ladabin nan, in kika yi jinkiri sai ta ja miki mayafi da haƙori.

To, ga inda labarin yake. Na ba yarinya ledar burodi ta riƙe, da 'yar saura a ciki. Ina juyawa sai na ji ta ƙwala ihu. Wata barewa ta fizge ledar, ta riga ta tura rabi a baki tana tauna. Na kama ɗaya gefen na ja, ita ma ta ja, da ƙyar na ƙwato ta duk yawu. Ina cikin dariya sai ga wani dattijo riƙe da buhu da matsefin tsintar shara. Shi bai yi dariya ba. Ya yi wa Malam magana a hankali, Malam ya fassara mini, wai ledar nan ita ce ajalinsu. Daga baya na karanta cewa a 2019 an duba gawar barewa 14 da suka mutu a wurin, aka sami leda a tumbin 9 daga ciki, ɗaya har nauyin abin da aka ciro ya wuce kilo 4. Sai na lura ashe duk faɗin filin ban ga kwandon shara ba, kowa da shararsa yake komawa gida. Ko takardar da ake ɗaure wainar da ita an yi ta yadda in barewa ta ci ba za ta cutu ba.

A hanyar komawa na yi shiru, domin tunanina ya tafi gida, wajen akuyar mahaifiyata. Muna yara ta yi ta ramewa alhali ga dusa ga harawa, cikinta kuwa ƙato. Aka ce sammu ne, aka ce baki ne. Da aka yanka ta, mahauci ya ciro dunƙulen leda baƙi ƙirin kamar kan jariri. Dabba mai tuƙa haɗiye abinci take yi ta tauna daga baya. Leda kuwa ba ta narkewa, sai ta taru ta cika tumbi, dabba ta ji kamar ta ƙoshi, yunwa kuwa tana cinta har ta mutu.

Barewar daji da take gudunmu ba ta san wannan masifa ba. Wadda ta amince da mu ita ce take mutuwa a hannunmu, haka ma akuya da tunkiyar da ke tsakar gidanki. Kun kuwa san tunkiyar mace ita ce asusunta, ita ce kuɗin makarantar yaro da kayan ɗakin 'ya.

Saboda haka ga roƙona. Ledar da kika juye ƙosai ko alale ko gishiri, ita ce dabba ta fi so, domin ƙanshin abinci na jikinta. Kada ki jefar da ita a tsakar gida ko bayan katanga. Ki rataye buhu inda bakin akuya ba ya kaiwa, ki riƙa tara ta ciki. In za ki aiki yaro kasuwa, ki ba shi kwando ko kwano mai murfi, kamar yadda iyayenmu suka yi. Ku kuma 'yan makaranta, ledar ruwan da kuka sha a hanya ku sa ta a jaka har ku isa gida. Wadda dabbarta take ramewa ba dalili, ta nemi malamin dabbobi tun da wuri.

Mai irin wannan labari ta rubuto mana. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.