A Rubuta Tarihin Ƙasar Gaya Tun Da Sauran Dattawa

Duk wanda ya san labarin Kano ya san ba a ba da shi sai an ambaci Gaya. Masu tarihi sun ce Abagayawa, watau maƙeran da suka zauna gindin Dala suna haƙar tama, daga Gaya kakansu ya taso. Ashe kuwa tun birnin bai zama birni ba akwai hannun mutanen gabas a cikinsa.

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya juya da Turanci a 1908, ya ambaci Gaya a wurare da dama. A zamanin Sarki Yakubu, daga 1452 zuwa 1463, ya kawo labarin Agalfati, ɗan Sarkin Machina, wanda ya yi sarautar Gaya, ɗan'uwansa ɗaya kuma ya sami Haɗejiya. A zamanin Sarki Dadi, daga 1670 zuwa 1703, Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi shekara 3 bai kai haraji birni ba, har aka yaudare shi aka kashe shi. Amma ikon Allah, 'yarsa Mariyama ita ce ta haifi Muhammadu Sharefa, wanda ya ci sarautar Kano daga 1703 zuwa 1731, a zamaninsa kuwa Gayawa suka sami faɗa a ji ƙwarai a fada.

To, sai dai a lura da abu guda. Wannan littafi a birni aka rubuta shi, idonsa a kan fada yake. Ba ya waiwayar gari sai in sarkinsa ya yi tawaye, ko ya ba da 'ya aure. Garuruwa irin su Kademi, da Ajingi, da ƙauyukan da ke kewaye da su, labarin waɗanda suka sari dajinsu, da malaman da suka kafa tsangayunsu, da maƙera da masaƙa da Fulanin da suka zauna tare da su, yawancinsa yana cikin kawunan tsofaffi. Kowace damina kuwa sai an rasa wasu daga cikinsu, abin da suka sani ya bi su kabari.

Kada wani ya ce wannan zancen hira ne. A 2019 Gwamnatin Jihar Kano ta ɗaga Gaya ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya. A 2024 aka soke wannan doka, daga baya a cikin shekarar aka mai da ita mai daraja ta biyu. A cikin wannan ja-in-ja kowane ɓangare da tarihi ya kafa hujja, alhali kuwa abin da ke rubuce kaɗan ne. Inda ba rubutu, kowa sai ya ƙera labarin da ya dace da bukatarsa, mai ƙarfin murya ya rinjayi mai gaskiya.

Saboda haka muna kira ga ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, da hakimai da dagatai, su tashi tsaye. A sa malaman makaranta su zauna da dattawan kowane gari, su ɗauki maganarsu yadda suka faɗe ta, su rubuta jerin sarakuna da limamai, ko da ruwayoyin sun saɓa. A nemi taimakon masana na Jami'ar Bayero wajen tacewa, a ajiye kwafe a Gidan Makama, a kuma buga ɗan littafi da Hausa don 'yan makaranta. Alhaji Abubakar Dokaji ya yi wa birni irin wannan hidima da littafinsa Kano Ta Dabo Cigari. Lalle ƙasar Gaya ba ta rasa 'ya'yan da za su yi mata haka ba.

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, jikokin maƙera kuwa sun fi kowa sanin wannan. Allah ya sa a ji, a kuma aikata.