Kasuwar shanun Birnin Gwari ta dawo, amma wa ke duba lafiyar abin da ke fitowa daga daji?

A ƙarshen watan Nuwamban 2024 ne Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanun Birnin Gwari, wadda ta shafe kimanin shekara goma a rufe saboda rikicin 'yan bindiga. Tun daga lokacin manyan motoci suka koma lodin dabbobi zuwa kudu, dillalai da mahauta da masu sayar da abinci kuma suka koma bakin sana'a.

Sai dai hankalin kowa ya tafi kan tambaya ɗaya: shin sulhun zai ɗore? Akwai ta biyu da ba a cika yi ba. Shanun da suka yi shekaru a dajin da ma'aikacin allurar rigakafi ba ya iya shiga, wa ke duba su kafin su cakuɗa da na sauran jama'a?

Darasin tutar rawaya

Masu tafiye-tafiye a teku sun daɗe da warware irin wannan matsala. Idan ƙaramin jirgin ruwa na shaƙatawa ya nufi Ostireliya daga wata ƙasa, dole mai shi ya sanar da hukuma aƙalla awa 96 kafin isowarsa. Ba ya tsayawa inda ya ga dama, sai tashar da aka keɓe. Yana shiga sai ya ɗaga tuta mai launin rawaya, alamar yana jiran bincike, kuma babu mai sauka har jami'ai su hau.

Jami'an iri biyu ne. Kwastam na tambayar abin da ka ɗauko da harajin da ke kansa. Jami'an kare ƙasa daga cututtuka su kuma suna buɗe ma'ajiyar abinci, su karɓe ɗanyen nama da ƙwai da 'ya'yan itace, su duba katakon jirgin ko akwai gara, su leƙa ƙasansa don ganin halittun da suka manne. Fasfo mai kyau ba ya ɗauke wa kowa wannan binciken.

Dabarar ba ta wuce abu ɗaya ba: a duba baƙo kafin ya shiga cikin jama'a, domin bayan ya shiga sai dai a bi sawu.

Iyakar da ba ta da ƙofa

A takarda, Najeriya ma tana da irin wannan tsari. Hukumar NAQS ce ke da alhakin killace dabbobi da tsirrai a tashoshin ruwa da filayen jirgin sama da iyakokin ƙasa irin su Jibiya da Illela. Akwai dokar daƙile cututtukan dabbobi ta 2022. Tun 1998 kuma ƙungiyar ECOWAS ta fito da takardar shaidar da makiyayi zai riƙe idan zai tsallaka iyaka da garkensa, mai nuna yawan dabbobin da alluran da aka yi musu. Nijar, inda dabbobi da yawa ke fitowa, ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025.

Birnin Gwari ba ta kan iyakar ƙasa, amma dajinta ya haɗa Kaduna da Zamfara da Katsina da Neja. Garke zai iya tasowa daga Ɗansadau, ya ratsa Kuyambana da Kamuku, ya ɓulla ƙauyuka irin su Kusasu ta wajen iyakar Neja, ba tare da ya gamu da likitan dabbobi ko ɗaya ba. Wuri na farko da hukuma za ta iya ganinsa shi ne kara. Ke nan kara ce tashar shigowa, ko an kira ta da wannan suna ko ba a kira ba.

Abin da ya taɓa faruwa

Wannan ba tsoron banza ba ne. Ciwon bushiya ya ƙarar da mafi yawan shanun ƙasar Hausa a shekarun 1890, ya kuma sake yin ɓarna a 1983, kafin a ayyana kawar da shi daga duniya a 2011. A watan Fabrairun 2006, a Jaji ta jihar Kaduna aka fara tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani nau'in H5N1 a nahiyar Afirka. A watan Yulin 2023 an tabbatar da ciwon saifa, wato anthrax, a wata gona kusa da Suleja, sannan a Janairun 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da ɓullarsa a Zamfara, wadda ke maƙwabtaka da Birnin Gwari.

Kowace cuta da hanyar ɓuyanta. Saniyar da ta warke daga ciwon huhu za ta iya yin watanni tana ɗauke da ƙwayar cutar alhali ana ganinta garau. Boru kan bazu cikin garke a 'yan kwanaki. Ƙwayar ciwon saifa kuwa tana iya zama a cikin ƙasa shekaru da dama, kuma tana kama mutum, musamman mahauci da mai jima da duk wanda ya feɗe dabbar da ta faɗi ba zato. Saniya ɗaya marar lafiya da ta kwana a kara za ta iya raba cutar ga motar da ta nufi Legas da garken da ya koma ruga.

Tsoron shinge

Akwai dalilin da zai sa a yi taka-tsantsan. Fataken dabbobi sun daɗe suna kukan yawan shingaye a hanyar kudu, inda ake karɓar kuɗi a ba da rasit ba tare da an ko leƙa bayan mota ba. Idan binciken lafiya ya zama wani sabon shinge, makiyayi zai kauce wa kasuwa ya sayar a bayan gari, a yi ba wan ba ƙanen. Ga shi kuma sulhun kansa bai yi ƙwarin da za a ɗora masa sabon rikici ba.

Saboda haka tsarin da zai yi aiki shi ne wanda makiyayi zai ga ribarsa. A ajiye likitan dabbobi a ƙofar kara kowace ranar kasuwa. A keɓe turke a gefe don dabbar da ake shakka a kanta. A yi allura kyauta, tun da cibiyar bincike ta Vom tana sarrafa rigakafin ciwon huhu da na saifa a cikin gida. A riƙa biyan diyya ga wanda aka hallaka dabbarsa, don kada ya ɓoye ta. A kuma shigo da arɗo-arɗo da sarkin pawa da shugabannin dillalai, waɗanda suka fi kowane jami'i sanin garken da ya zo da inda ya fito. Alamar da za a maƙala wa saniya a kunne bayan allura za ta ma taimaka wajen gane ta sata, wadda ita ce tushen rikicin tun farko.

Wannan aiki ne na gwamnatin Kaduna da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi da aka kafa a 2024. Rigakafi ya fi magani, kuma a nan ya fi araha nesa ba kusa ba. Bindiga ce ta rufe wannan kasuwa shekara goma. Annoba ɗaya ta isa ta sake rufe ta ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba.