Las Vegas da Monaco: Shin ƙungiyar ƙwallo za ta iya kafuwa a birnin caca?

A shekarar 2003, hukumar NFL mai shirya gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ta ƙi yarda a saka tallar birnin Las Vegas a talabijin lokacin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, saboda ba ta son a haɗa sunanta da caca ko da daga nesa. Shekara 21 bayan haka, a watan Fabrairun 2024, a cikin wannan birnin aka buga Super Bowl ɗin kansa, inda Kansas City Chiefs ta doke San Francisco 49ers da maki 25 da 22. Birnin da manyan gasanni ke ƙyama a da, yau yana da ƙungiyar Raiders ta NFL, da ƙungiyar hoki, da ta ƙwallon kwandon mata, ana kuma shirin tarbar ƙungiyar besbol ta Athletics a 2028.

Abin tambaya shi ne, ƙungiyar da ta tare a garin da ke rayuwa da baƙi da gidajen caca za ta iya yin nasara kuwa? Amsar ta danganta da abin da ake nufi da nasara. Ta fuskar kuɗi, Las Vegas ta nuna cewa abin yana yiwuwa. Ta fuskar kofuna, ƙungiyar AS Monaco da masu kallon gasar Faransa suka sani ta daɗe da nuna hakan. Inda gizo ke saƙar shi ne magoya baya na gida, kuma a nan ne garuruwan biyu ke fama da ciwo iri ɗaya.

Yadda Raiders ta koma hamada

Ga wanda bai saba da shi ba, ƙwallon NFL ya fi kama da zari-ruga: da hannu ake riƙe ƙwallon, ana gudu da shi ana ture juna. Shi ne wasan da ya fi kowane kawo kuɗi a Amurka. An kafa Raiders a birnin Oakland na jihar Kalifoniya a 1960, ta koma Los Angeles a 1982, ta dawo Oakland a 1995. Da mai ƙungiyar, Mark Davis, ya kasa samun sabon fili a Oakland, sai ya juya zuwa jihar Nevada. A watan Oktoban 2016 majalisar dokokin jihar ta amince da ba da dala miliyan 750 na kuɗin gwamnati, a watan Maris na 2017 kuma masu ƙungiyoyin NFL suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da ƙaurar, 31 na goyon baya, ɗaya na adawa.

Filin Allegiant da aka gina mai rufi ne, yana ɗaukar mutum 65,000, ya kuma ci kusan dala biliyan 1.9, wato sama da biliyan 1,000 na kuɗin CFA. Kason gwamnati ya fito ne daga ƙarin harajin ɗakunan otel, ma'ana baƙin da ke kwana a birnin su ke biya. Wannan dabara ta sa ƴan siyasa sun samu sauƙin sayar wa jama'a da shirin. Sai dai rauninta ya bayyana tun ranar farko. Filin ya buɗe a 2020, cutar korona ta rufe otel-otel, Raiders ta buga kakarta ta farko babu ɗan kallo ko ɗaya, hukumomin gundumar Clark kuma suka taɓa asusun ajiya domin biyan bashin ginin. Duk abin da ya hana baƙi zuwa, kai tsaye yake taɓa wannan bashin.

Duk da haka, lissafin mai ƙungiyar ya fita. Mujallar Forbes, wadda ta ƙiyasta darajar Raiders ƙasa da dala biliyan 2 kafin maganar ƙaura, ta kai ta sama da biliyan 6 a 2023. Tikitin wasanninta na cikin mafi tsada a gasar. A 2024 shahararren ɗan wasan nan Tom Brady ya sayi ɗan kaso a cikinta.

Wani abu da ya kamata mai kallon ƙwallon Turai ya lura da shi: a NFL ba a faɗawa rukuni na biyu. Ƙungiyoyi 32 ne, kuma daidai wa daida suke raba kuɗin talabijin na ƙasa, wanda yarjejeniyar 2021 ta kai shi sama da dala biliyan 100 cikin shekara 11. Ko ƙungiya ta sha kashi a duk wasanninta, kasonta na nan. Saboda haka ribar Raiders shaida ce ta ƙarfin NFL da kuma kasuwar baƙi, ba ta nuna cewa ƙungiyar ta yi kyau a fili.

Gida ya koma na baƙi

A fili kuwa labarin ba daɗi. Daga 2020 zuwa 2024, sau ɗaya kacal Raiders ta kai zagayen sili ɗaya ƙwale, a kakar 2021, nan take kuma Cincinnati ta fitar da ita. A kakar 2024 wasa 4 ta ci, aka doke ta a 13. Adalci shi ne a ce wannan rauni ya girmi ƙaurar, domin rabon ƙungiyar da cin wasa a wancan zagaye tun watan Janairun 2003. Yawan sauya masu horarwa da rashin dacewa wajen zaɓen ƴan wasa sun fi gidajen caca laifi.

Amma akwai matsalar da birnin ne ya haife ta. Las Vegas na karɓar baƙi wajen miliyan 40 a shekara. Kowace ƙungiyar NFL wasa 8 ko 9 kawai take bugawa a gida a kaka, don haka ga magoyin bayan Pittsburgh ko Kansas City ko San Francisco, ranar da ƙungiyarsa za ta je Las Vegas ta zama uzurin hutun ƙarshen mako. Mazauna garin da suka sayi tikitin shekara sun gano cewa sayar da kujerarsu ga irin wannan baƙo na iya mayar musu da kaso mai tsoka na kuɗinsu. Sakamakon haka, a wasanni da dama launin rigunan abokan hamayya ke mamaye wani babban ɓangare na filin.

A wannan wasa, ihun ƴan kallo makami ne. Kafin kowane hari, jagoran ƴan wasa yakan faɗa wa abokansa tsarin da za a bi da baki. Magoya bayan gida sukan yi tsit idan ƙungiyarsu ke da ƙwallo, su ɓarke da ihu idan ya koma hannun baƙi, domin su hana su jin juna. Idan rabin fili na baƙi ne, wannan fifiko ya tafi. Ga otel-otel da hukumar yawon buɗe ido, hakan shi ne abin da aka gina filin dominsa, tunda kowane baƙo ɗaki ne da abinci da teburin caca. Buƙatar birnin da buƙatar ƙungiyar sun yi hannun riga a daidai wannan gaɓa.

Darasin ƙungiyar da aka haifa a garin

Kuskure ne a ɗauka cewa Las Vegas ba ta da ƴan gari. Sama da mutum miliyan 2 ke zaune a gundumar Clark: masu dafa abinci, direbobi, masu gyaran ɗakuna, magina, da yawansu ƴan ci-rani. Ƙungiyar hokin ƙanƙara ta Vegas Golden Knights ta nuna cewa waɗannan mutane na iya riƙe ƙungiya. An kafa ta ne a garin a 2017. Wasanta na farko a gida ya zo kwana tara bayan harbin da ya kashe mutum 58 a wani taron kiɗa ranar 1 ga Oktoba, ƙungiyar kuma ta tsaya tare da jama'a cikin makoki, har ta jingine lamba 58 daga rigunanta. Ta kai wasan ƙarshe a kakarta ta farko, ta ɗauki kofin Stanley a 2023. Ita ma Las Vegas Aces ta kwandon mata ta ci kofi a 2022 da 2023.

Bambancin a bayyane yake. Golden Knights na buga wasa kusan 41 a gida a kaka, da yawa a tsakiyar mako, a zauren da bai kai kujera 20,000 ba. Baƙi kaɗai ba za su iya cika irin wannan jadawali ba, dole ta nemi ɗan gari. Raiders kuwa ta zo da tarihinta da magoya bayanta na Kalifoniya, tana kuma iya cika fili ba tare da ta shiga unguwanni ba. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba.

Monaco: kofuna takwas, kujeru babu kowa

A ƙwallon ƙafar da muka sani, misali mafi kusa shi ne Monaco. Ƙasa ce da faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 2 da ɗoriya ba, mazaunanta ba su kai 40,000 ba, wato da kaɗan suka fi abin da filin Seyni Kountché na Yamai ke ɗauka. Gidan cacar Monte Carlo ya shahara tun ƙarni na 19, kuma doka ta hana ƴan asalin ƙasar yin caca a cikinsa.

AS Monaco ta lashe gasar Faransa sau takwas, na ƙarshe a 2017. Ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai a 2004, Porto ta doke ta 3 da nema. George Weah ya fara ƙwallon Turai a can a hannun Arsène Wenger, Victor Ikpeba na can lokacin da ya zama gwarzon Afirka a 1997, Emmanuel Adebayor da Yaya Touré duk sun ratsa ta nan. Amma filin Louis II, wanda bai kai kujera 20,000 ba, ba kasafai yake cika ba, kuma ƙungiyar kan kasance a ƙasan jerin yawan ƴan kallo a gasar. A kwatanta da Lens, tsohon garin masu haƙar kwal mai mutane dubu talatin da ƴan kai, wanda filinsa mai kujera 38,000 ke cika maƙil, domin ma'aikatan yankin sun gaji ƙungiyar kaka da kakanni.

To da me Monaco ke rayuwa? Da abubuwa uku. Na farko haraji: ban da ƴan Faransa, mazauna Monaco ba sa biyan harajin albashi, abin da ke ba ƙungiyar damar jawo ƴan wasan waje. Wannan ya fusata sauran ƙungiyoyi har hukumar gasar ta nemi a 2013 ta tilasta mata mayar da hedikwatarta Faransa. An sasanta kan yuro miliyan 50, daga baya kotun ƙoli ta harkokin mulki ta soke sulhun a 2015. Na biyu attajiri: ƙungiyar tana rukuni na biyu lokacin da ɗan Rasha Dmitry Rybolovlev ya sayi kashi biyu cikin uku nata a ƙarshen 2011. Na uku renon matasa da sayar da su. Bayan kofin 2017, Kylian Mbappé ya tafi PSG kan yuro miliyan 180, kusan biliyan 118 na CFA, Bernardo Silva da Benjamin Mendy suka tafi Manchester City, Fabinho ya bi sahu zuwa Liverpool a 2018. A kakar 2018-2019 ƙungiyar ta ƙare ta 17, da ƙyar ta tsira daga faɗuwa. Ƙungiyar da ba ta samun kuɗin ƙofa dole ta riƙa sayar da gwanayenta, kuma a Turai kuskuren kaka ɗaya na iya jefa ta ƙasa.

Ita kanta cacar fa?

Tsoron da NFL ta daɗe tana yi shi ne a sayi wasa ko ƴan wasa su faɗa caca. Wannan tsoro bai gushe ba, wurinsa ne ya sauya. A watan Mayun 2018 kotun ƙolin Amurka ta soke dokar da ta taƙaita cacar wasanni, jihohi da dama suka halatta ta, a 2021 kuma NFL ɗin da kanta ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Caesars da DraftKings da FanDuel. Calvin Ridley da aka dakatar kaka guda a 2022 ɗan wasan Atlanta ne, kuma ta wayar salula ya yi cacarsa. A Turai, Ivan Toney ya sha dakatarwar wata takwas, Sandro Tonali wata goma, babu wanda ke zaune a birnin caca a cikinsu. Ƙungiyoyin Firimiyar Ingila sun amince su cire tallar kamfanonin caca daga gaban riguna bayan kakar 2025-2026, alamar cewa sun san illar ta kai ko'ina. Matashin da ke zuba kuɗinsa kan wasan Monaco daga Maraɗi ko Damagaram yana cikin wannan kasuwa ɗaya, kuma shi ba shi da kason talabijin ko attajirin da zai rufe masa asara.

Ina makomar tamola a Las Vegas?

Birnin na da ƙaramar ƙungiya, Las Vegas Lights, da ke buga rukuni na biyu tun 2018. An daɗe ana hasashen babbar gasar MLS za ta ba shi gurbi, amma a watan Mayun 2023 ta zaɓi San Diego, ƙarƙashin attajirin Masar Mohamed Mansour, mai makarantar ƙwallon Right to Dream da ta samo asali daga Ghana. MLS na buga wasa a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Las Vegas ke wuce digiri 40, ya ma kai kusan 49 a watan Yulin 2024, don haka sai da fili mai rufi mai tsadar gaske. Kuma kuɗin talabijin na MLS bai kama ƙafar na NFL ba, ƙungiyoyinta sun dogara sosai ga masu sayen tikiti wasa 17 a kaka.

Duk wanda zai kawo babbar ƙungiyar tamola wannan birni, hanyar Golden Knights ce a gabansa: farashin da mai gyaran ɗakin otel zai iya biya, lokacin wasa da ya dace da masu aikin dare, da shiga unguwannin ƴan asalin Meziko da sauran ƴan ci-rani da ke son ƙwallo tun daga gida. Ga Raiders kuwa, gwajin gaskiya zai zo ne ranar da ta fara cin wasa a kai a kai. A lokacin ne za a ga ko mai tikitin shekara zai riƙe kujerarsa, ko zai ci gaba da sayar wa baƙo.